Lambar da Kauthar Ta Goge

Lambar na kan faranti a tsakiyar falon Hajiya Lantana a Maitama, tana ƙyalli kamar sabon kwano, Kauthar kuwa ta rasa inda za ta ajiye idonta.

Lambar tunawa ce ta tagulla, ta bikin samun 'yanci. Hanif, wanda ke tara irinsu tun yana jami'a, shi ya ba Kauthar ita da aka sa musu rana, ya ce bugun farko ce, gadon kakansa. Ta gan ta baƙa ƙirin, ta tausaya mata, ta zauna da toka da lemun tsami har ta ga fuskarta a ciki. Ba wanda ya gaya mata cewa a wajen masu wannan harka, baƙin nan shi ne darajar.

Hajiya, gwaggon Hanif, wadda ta daɗe tana yi masa tanadin 'yarta Sumayya, ta yanke hukunci tun kafin shayi ya huce: yarinya ta sayar da ta gado, ta maye da sabon bugu na kasuwa. In ya tabbata, a fasa auren.

"Gwaggo, wallahi gogewa kawai na yi..."

Hajiya ta ce Hanif, tunda shi ne masani, ya duba da gilashinsa.

Masani bai taɓa gilashi ba. Zufa yake yi, ga esi a kunne.

"Sabon bugu ce," in ji shi.

Kauthar ta runtse ido.

"Ni na sayo ta. Ni na turara ta har ta yi baƙi. Ta Kaka tana durowata... na kasa rabuwa da ita."

Hajiya, wadda rabonta da kicin an manta, ta tuna ta ɗora girki.

Hanif ya biyo Kauthar waje yana jero sunaye, da Sahiba da Zuma da wasu da bai taɓa gwadawa ba. Ta ce ita dai jahilcinta ya tonu a gaban dangi, shi kuma rowarsa, ba ta san wanne ya fi muni ba.

"Ki yafe mini, Sahibata."

"Je ka ɗauko ta asalin. Ina nan."

Ya je ya dawo, kansa a ƙasa, da lambar a naɗe cikin auduga. Ya ɗora ta a tafin hannunta, amma yatsunsa suka ƙi tashi.

Ba ta ja ba. Ta tsaya a rana tana kallonsa, har suka saki da kansu.