Wendell Ya Mutu Tun Ƙarfe Biyu

"Wendell, tashi. Magana zan yi da kai."

Ko gezau. Yana kwance rub da ciki a ciyawa, rigarsa ta soja ruwan toka ta jiƙe sharkaf da gumi, bindiga a gefe.

Lorene ta ciji leɓe don takaici. Duk shekara haka ake fama a wannan tsohon filin daga na Kentucky: ƙarti da hankalinsu su sa kayan kakanni, masu shuɗi da masu ruwan toka, su maimaita yaƙin basasar Amurka da bindigogin da ba harsashi, jama'a na bayan igiya suna cin gurguru. Wanda ya faɗi kuwa ya mutu, ba motsi ba magana sai an busa ƙaho. In ya saɓa, rundunarsa ta sallame shi. Shekara goma sha ɗaya Wendell bai taɓa saɓawa ba, ko a ranar da ya faɗi kan gidan cinnaka.

Ita dai ta tsallako igiyar da jakar tafiya a kafaɗa. Wani asibiti a can birnin Denver mai nisa ya ɗauke ta aiki, kuma sati uku ke nan tana jiran ya buɗe baki ya ce kada ta tafi. Shi kuwa gogan yana can yana goge maɓallan riga.

Sai ga Darla, wadda ke fitowa a mai jinyar sojoji, ta durƙusa tana shafa masa ruwa a wuya, shafar da ta wuce ta jinya. Cikin murmushi ta ce wa Lorene tana ɓata musu yaƙi, ta je kawai, akwai mai kula da shi.

Lorene ba ta ko dube ta ba.

"Masoyi... ƙarfe huɗu motata za ta tashi. Yau."

Ido ɗaya ya buɗe. Ba Lorene ya kalla ba, Darla ya kalla, domin ita ce ta rantse masa cewa sai jibi ne tafiyar. Darla ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali.

Amma ƙaho bai busa ba. Wendell ya mayar da idon ya rufe.

Abin ya yi wa Lorene ciwo har cikin ƙashi. Ta juya, hawaye na zuba, ta ratsa ta gaban rundunar masu shuɗi, inda mahaifinta Harlan, kyaftin ɗinsu, ke daka mata tsawa ta fita daga fili. Dama shi ya sha faɗa: kakan kakansa da masu ruwan toka suka kashe na kwance a maƙabartar can kan tudu, ba zai ba mai ruwan toka 'yarsa ba.

Ta kusa igiya sai ta ji 'yan kallo sun kaure da sowa.

Gawa ta tashi. Tana gudu, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya.

Harlan ya tare Wendell da takobi.

"Kai yaro, ai da hannuna na kashe ka."

"Ka kashe ni, Kyaftin. Ba ni hanya, 'yarka za ta tafi."

Wendell ya wuce shi, ya zube gaban Lorene yana haki, ya ce ba zobe a jikinsa, ba wani zance mai daɗi, amma in ta hau motar nan bai san me zai yi da sauran ransa ba. Ta aure shi.

"Sai da ka gama shanya ni a gaban mutum dubu?"

"Sun kore ni, Lorene. Dubi sajanmu."

Ta waiga. Sajan ya cire hula ya maka da ƙasa. Sai a lokacin ta gane abin da ya yasar saboda ita, fushin ya narke duk da ba ta so ba.

"Tashi, sakarai. Na yarda."

Harlan ya daɗe yana kallonsu, ya yi tsaki, ya mayar da takobi kube.

"Akwai shuɗiyar riga a bayan motata," ya ce. "In ta yi maka, ka zo cin abinci ran Lahadi."