Faifan da Malam Yari Bai Mayar Ba

Da yamma liƙis Juwairiyya ta rufe shagonta na ɗinki, ta hau okada zuwa tsohuwar silimar da ke bayan layin dogo a Agege. Gobe da safe katafila za ta rushe ginin. Abu ɗaya ya kawo ta: ɗan faifan tallar silimar, wanda a da ake haskawa kafin a fara kowane fim. A farkonsa ake ganin mahaifinta, Malam Yari, tsaye kusa da majiginsa. Mutumin da ya shekara talatin yana haska fuskokin wasu bai bar hoton kansa ko guda ba, sai wannan.

Baba Hamidu maigadi yana alwala a bakin ƙofa. Da ya ji abin da ke tafe da ita, sai ya ajiye butar.

"Ɗiyata, magariba ta kawo jiki. Ki bari sai da safe."

"Da safe katafila ce, Baba."

Ya rage murya. "Masu wurin ba su son a taɓa musu kaya."

"Wa ya ba su wurin? Abeg, ba ni makulli."

Ba wai Juwairiyya ba ta da tsoro ba. Tana da shi kamar kowa, sai dai taurin kanta ya fi shi ƙarfi, kuma duk layinsu an san haka. Tsohon ya miƙa mata makullin, ya kau da kai.

Matakala goma sha bakwai ta hau kafin ta kai ɗakin majigi. Ɗakin ɗan tsukuku ne, mutum biyu ba sa giftawa sai sun gogi juna. Gwangwanayen fim jibge a kwance har rufi, na Indiya gefe guda, na 'yan dambe gefe guda, duk tsatsa ta cinye lambobinsu. Warin tsami ya bugi hancinta, irin na fim da ya fara ruɓewa, ga zarnin fitsarin jemage. Ta kunna fitilar wayarta.

Faifan yana nan a jikin majigi, inda mahaifinta ya bar shi. A daren ƙarshe ya haska tallar, ya juya zai ɗauko babban fim, ya faɗi bai tashi ba. Daga ranar ba a sake buɗe silimar ba.

Ta miƙa hannu za ta jefa shi a jaka, sai ta tsaya. Tun tana yarinya tana kawo masa tuwo nan sama ya koya mata dokar ɗakin. Fim ɗin da aka haska, kansa yana ciki, wutsiyarsa tana waje. Ba a fita da shi haka sai an naɗe shi baya an mayar da shi farko. "In ba a mayar ba," in ji shi, "'yan kallon da ba sa sayen tikiti suna ɗauka ba a tashi ba."

Shekara ashirin da shida ke nan ba a mayar ba.

Ta ɗora faifan a kan teburin naɗi, ta saƙala wutsiyar a wani faifai fanko, ta kama hannun juyawa. Ƙarfen ya yi ƙara, sannan ya saki. Fim ya fara tafiya baya, shuu, shuu. A waje an kira salla, ƙahon motocin danfo ya yi nisa.

Can ƙasa, cikin zauren kallo, wata kujerar ƙarfe mai naɗewa ta sauka. Kwas.

Wata ta biyo. Sai goma. Sai layi-layi, har gaba.

Ba ta leƙa ta ramin da haske ke fita ba. Ta ci gaba da juyawa. Warin tsamin ya ɓace, ƙamshin soyayyiyar gyaɗa da hayaƙin taba ya maye gurbinsa. Wani ya yi fito, irin wanda 'yan kallo ke yi idan fim ya tsinke.

Taku a matakala. A hankali, ba takalmi. Ta ƙirga har goma sha bakwai.

Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarta.

"Afareta," aka ce da raɗa. "Sa mana fim."

Hannunta bai tsaya ba. "Afareta ya rasu," ta ce. "Ni 'yarsa ce. An tashi."

"Ba a tashi ba."

"Na ce an tashi."

Hannun juyawa ya yi nauyi. Ta sa hannu biyu. Saura kaɗan, ɗan dunƙulen da ya rage bai fi faɗin tafin hannu ba. Sai faifan ya tsaya cak.

Ta haska. Yatsu ne dogaye, masu launin toka, sun riƙe shi. A tsakanin faifan biyu fim ya miƙe kamar igiyar shanya, kuma a cikin ƙananan hotunansa ta ga hular da ta sani, ta ga ƙeyar mahaifinta.

Aka fara ja baya. Ƙeyar ta fara komawa cikin dunƙulen.

Nan tsoron ya juye ya zama fushi. Ta damƙi fim ɗin da hannun hagu, yatsunta suka taɓa waɗancan, sanyi ya ratsa ta har kafaɗa.

"Shekara talatin yana haska muku kyauta," ta ce. "Ya faɗi a nan, ba wanda ya ɗaga shi a cikinku. Wannan nawa ne."

Ta zaro almakashin ɗinki daga jaka. Ta datse nan, ta datse can.

Zauren ya ɗauki ihu gaba ɗaya. Gwangwanaye suka fara zubowa daga sama, ɗaya ya fasa mata goshi. Ta faɗa matakala, ta gangaro rabi da ƙafa rabi da baya, ƙofar sama tana bugawa ita kaɗai. Baba Hamidu ne ya jawo ta waje, bakinsa cike da addu'a, ya datse ƙofa da kwaɗo.

Abin da ta fito da shi bai wuce tsawon hannu ba. Hotuna talatin da biyu, daƙiƙa ɗaya da ɗoriya. Yatsunta biyu na hagu kuwa har yau ba sa jin tsinin allura.

A tallar, Malam Yari yana kallon mutane ne da farko, sannan ya juya ga majiginsa. Ƙarshen juyawar ta samu. Idan ta ɗaga guntun fim ɗin a hasken taga ta bi hotunan daga ƙasa zuwa sama, sai ta ga yana juyowa gare ta: ƙeya, kunne, gefen gemu, kusurwar ido. A nan almakashi ya yanke. Fuskar tana wurinsu.

Ta yi kuka kwana biyu. A rana ta uku ta je inda silimar take, ta tarar da fili da direban tifa yana shan shayi.

"Oga, ina kuka zubar da ƙasar ginin nan?"

"Bolar Ojota. Me za ki yi da ita, Hajiya?"

Ta gyara almakashin a cikin jaka. "Akwai waɗanda suka riƙe mini saura," ta ce, ta ɗaga hannu ta tsayar da okada.