Shayin Gishiri a Bakin Kogi

Tun a mota Shagufta da Ishtiyak suke musu. Shi gani yake abin ba kan gado: tsohuwar da ba ta taɓa jin muryarsa ba, yaya za ta yanke masa hukunci daga tsallaken kogi? Ita kuwa ta ce babanta ya gama magana, ba aure sai uwarsa ta ga mijin.

Kakar, wadda suke kira Dadi, gaisuwar mutuwa ta je ƙauyensu a tsallake aka rufe gada, kogin ya zama iyakar ƙasa. Shekara arba'in ke nan. Ɗanta, baban Shagufta, sau ɗaya ya je bakin kogi kallonta, ya dawo ya kwanta jinyar wata guda, bai ƙara ba.

"In ta ƙi fa?" in ji Ishtiyak.

"Sai in zauna gidanmu, rabin raina... in yi kuka har in gaji."

Ta hannun wani ɗan'uwa mai aiki a Dubai aka shirya alamar: in Dadi ta yarda, za ta zuba wa baƙo shayi.

A shinge soja ya rubuta su cikin 'yan yawon buɗe ido, ya karanta musu doka: ba ɗaga hannu, ba kira, minti ashirin. Ya kalli idon Shagufta da ya yi ja, ya yi kamar bai gani ba.

Kogin ba faɗi, kana gane fuskar mutum, sai dai ƙarar ruwa ta cinye murya. Ga Dadi can tsallake kan dutse, da tukunyar shayinta ta tagulla. Ta zuba wa Ishtiyak ido, ko motsi babu. Minti goma suka wuce yana tsaye kamar sabon kurtu.

Can sai ya sunkuya ya cire takalminsa, ya zauna a ƙasa kamar wanda ya shiga ɗakinta.

Dadi ta jawo kofi ta cika, ta tura shi bakin dutse.

Tunda kofin ba zai tsallako ba, Shagufta ta zuba masa daga flas ɗin da suka zo da shi. Shayin gishiri ne, shi kuwa mutumin birni, cokali uku na sukari yake sawa. Ya rufe ido ya shanye.

"Ta cika wani... miƙo kofinka," in ji Shagufta.

"Wannan yarda ce ko horo?"

"A gidanmu ba a barin kofin suruki wayam."

A na huɗu ya rufe kofi da tafin hannu. Dadi ta ja gyale ta toshe baki, kafaɗunta na girgiza don dariya, ta cika na biyar. Yana cikin sha aka busa usur.

Da la'asar suka tarar da baban a ƙofar gida. Shagufta ta ce Dadi ta zuba, har kofi biyar. Ya ce to, a sa rana. Ya murza hularsa, sannan ya tambaya a hankali:

"Har yanzu da hagu take zubawa?"

"Da hagu, Baba."

Ya gyaɗa kai ya shige ciki.