Tsohuwar Kwamfuta a Teburin Baba Mai Rediyo

Dogo ya dawo daga sayen kayan gyara da la'asar, ya tarar da ƙofar shagon a buɗe rabi, fanka tana ta juyawa, ba kowa a benci. Ya yi sallama, shiru. Sai da ya zagaya teburin aiki ya ga ƙafafu.

Baba Mai Rediyo, maigidansa da ya koya masa sana'a tun bai fara gemu ba, yana kwance rigingine tsakanin tebur da bango. Jini ya taru a ƙarƙashin ƙeyarsa har ya fara daskarewa. A kan teburin kuwa tsohuwar kwamfutar nan ce, an cire mata murfin baya, wayarta a soke cikin soket.

Dogo ya kashe soket ɗin, ya durƙusa ya taɓa wuyan tsohon. Ya yi sanyi.

Kwamfutar irin ta dā ce, gilashi da inji duk a jiki ɗaya, kamar ƙaramar talabijin mai ƙusumbi, da mariƙi a samanta. Wata malamar makaranta da ta yi ritaya ce ta kawo ta. Ta mijinta marigayi ce, ta shekara da shekaru a saman kabad. Malama ba ta neman komai a cikinta sai muryarsa, don ya taɓa ɗaukar kansa yana yi wa 'ya'yansu karatu. Dogo ya wanke tsatsar da batir ya zubar a kan bod, wato farantin da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar injin, ya canza duk abin da ya kumbura. 'Yar Dogo ta fari, wadda ke karatun kwamfuta a kwaleji, ita ta san hanyar shiga ciki. A safiyar ranar gilashin ya kawo haske. Suka ga zane-zanen yara, da wasan karta, can kuma sai ga muryar mutumin yana tari yana dariya, yana cewa a zauna a yi shiru.

Sufeton da ya zo gajere ne mai jan ido, ba ya gaggawa. Ya duba gawar, ya duba kwamfutar, ya fito ya tara maƙwabta a bakin ƙofa.

Telar da ke shagon dama ta ce, “Na ji ihu sau ɗaya bayan azahar. Muryar namiji. Keken ɗinkina yana ƙara, na ɗauka kanikawa ne da shirmensu.”

“Kin ga wanda ya shiga?”

“Yallaɓai, bayana nake ba titi. Idona a allura yake.”

Mai gyaran wayar da ke shagon hagu, wanda duk layin ke kira Ɗan Gayu, yana tsaye da hannu a aljihun jaket.

“Wuta ce, yallaɓai,” in ji shi. “Irin waɗannan ko an kashe su suna riƙe wuta a ciki. Ta ja shi, ya faɗi.”

“Wa ya bar ta a soket?”

Ɗan Gayu ya saci kallon Dogo, ya sunkuyar da kai. “Ni dai ban son shiga maganar mutane. Amma da safe na ji tsohon suna sa-in-sa da yarinyar nan, 'yar Dogo. Daga baya na ga ta fita da sauri.”

Dogo ya san zancen. Sa-in-sar gaskiya ce, a gabansa aka yi. Baba ya ce ta bar injin a kunne har ya yi zafi tana ta maimaita muryar mamaci, ita kuma ta ce, “Baba tsoho, kai ko fitila ka gani sai ka ce ta gaji.” Haka suke kullum, kamar kaka da jika. Amma a bakin Ɗan Gayu maganar ta fito da wata kama.

Kafin magariba likita ya aiko da bayani: babu alamar ƙunar wuta a jikin tsohon, bugun ƙeya ne ya kashe shi, kuma akwai shatin yatsu a damtsensa. Aka je har kwaleji aka ɗauko yarinyar.

Dogo ya same ta a ofishin 'yan sanda, a bayan kanta, an karɓe mata jaka da takalmi.

“Abba, wallahi na kashe ta, na zare wayar, na naɗe ta a kan mariƙi. Yana ɗakin baya zai kwanta na tafi. Har ya ce in sayo masa maganin tari.”

“Na sani, Mamana.”

“Ka gaya musu mana.”

Ya gaya musu. Sufeto ya ce, “Malam, kowane uba haka yake faɗa. Ita ce ta ƙarshe da aka gani tare da shi. In ban sami wani abu ba, gaba zan tura ta.”

Dogo ya san abin da gaba take nufi: kotu, da gidan yari, da karatun da ya lalace, da sunan da zai bi ta har kabari. A gida uwarta ta ajiye masa abinci, ya kasa kai loma baki. Ƙannenta suka yi ta tambaya ina Yaya, ya ce tana wajen aiki.

Washegari da safe aka binne Baba. Daga maƙabarta Dogo ya wuce ofishin 'yan sanda, ƙasa a gwiwar wandonsa. An ba shi kayan mamacin a leda: hula, carbi, zoben azurfa da agogo.

“Yallaɓai, agogon nan a ina kuka same shi?”

“A hannunsa. Da zoben.”

“To Baba ba aiki yake yi ba. Tun ina yaro ban taɓa ganin ya buɗe bayan talabijin da ƙarfe a hannunsa ba. Agogo da zobe a ƙusa yake rataye su, hannun hagu a aljihu. Na sha rankwashi a kan wannan.”

“Ka ga ka ƙara ɗaure 'yarka kenan,” in ji Sufeto. “Wani ya buɗe, ya shirya wurin. Ita kuma ta iya buɗewa.”

“Ta iya. Shi ya sa nake roƙon ka zo mu duba yadda aka buɗe.”

Sufeto ya ɗauki makullin shagon.

Murfin yana jingine a gefen tebur. Dogo ya juya shi a hasken ƙofa. Sukuru biyu na ƙasa an kwance su lafiya lau. Amma akwai wasu biyu da ke ɓoye can cikin ramin mariƙi, waɗanda sai da doguwar sukundireba ake kai musu. Suna nan daram a mazauninsu, robar da ke riƙe da su ce aka karya da ƙarfin tsiya.

“Doguwar sukundirebar ga ta can a bango,” in ji Dogo. “Yarinyar nan ita ke miƙo min ita duk lokacin da zan buɗe. Me zai sa ta karya abin da ta san sirrinsa?”

Sufeto ya shafa bakin murfin da yatsa. “Wannan fa? Kamar an gasa.”

Dogo ya kawo ido kusa. Robar da ta yi ruwan ƙwai don tsufa ta yi ƙuraje a tsawon layin haɗin, ta lanƙwashe, ga ƙananan shatin wani siririn abu da aka yi ta cusawa. Ya leƙa cikin injin. An zare wayoyin bod, amma ba a kai ga ciro shi ba. A kan kaifin firam ɗin ƙarfe, kusa da tulun da ke bayan gilashin, akwai busasshen jini.

“Hannun Baba akwai yanka?”

“Babu ko ƙwarzane.”

“Na yarinyar fa?”

Sufeto ya girgiza kai. Ya ce, “Wa ya taɓa nuna yana son abin nan?”

Mutum biyu ne. Na farko mai sayen tsoffin ƙarafa, da ake kira Mai Sikeli, wanda ya taya ta tun ranar da aka kawo ta. Suka same shi a filinsa yana fasa firji.

“Ni?” in ji shi, ya ɗaga guduma. “Yallaɓai, ga sukundirebata. Da ni na buɗe ta, da tsintsiya za ku kwashe. Kuma jiya tun hantsi ina wajen lodin mota, tambayi direba.”

Aka tambayi direba, ya tabbatar. Hannayen Mai Sikeli duk tabo ne, amma ba sabo ko ɗaya.

A hanyar dawowa Dogo yana ta tauna abin da ya gani. Can ya ce, “Yallaɓai, wa ke gasa abu kafin ya buɗe shi?”

“Ina jin ka.”

“Mu masu tsoffin kaya, in murfi ya ƙi buɗuwa, sukuru muke nema. Wayoyin yanzu ba sukuru a bayansu, da gam ake manne su. Mai gyaran waya in abu ya ƙi, bulowa yake ɗaukowa ya hura masa zafi, ya cusa 'yar roba ya ɓanɓare. Hannunsa ya saba, ba sai ya yi tunani ba.”

Na biyun kuwa Ɗan Gayu ne. Tun da aka fara gyaran yake shigowa yana ɗaukar hoton kwamfutar, yana cewa a intanet akwai masu tara irinta, bod ɗinta kaɗai abin nema ne.

Suka tarar da shi yana jera gilasan waya da hannun hagu. Ana zafi kamar gidan burodi, amma jaket ɗin tana jikinsa.

“Ɗan Gayu, sanyi kake ji?” in ji Sufeto.

“Gayu ne, yallaɓai. Ka san sunan.”

“Jiya ka ce min irin wannan injin yana riƙe wuta ko an kashe shi. Wa ya gaya maka?”

“Kowa ya sani ai.”

“Kai ba ka sani ba,” in ji Dogo. “Ranar da Baba ya gargaɗe ka kada ka kai hannu, dariya ka yi. Ka ce tatsuniyar tsofaffi ce, abin da ba ya jikin soket ina zai samo wuta. A gaban tela ka faɗa.”

“To na yi tunani daga baya.”

“Ciro hannunka na dama,” in ji Sufeto.

“Ƙarfen narka dalma ne ya ƙona ni.”

“Mu gani.”

Ya ciro a hankali. An naɗe shi da tsumma. Da aka warware sai ga doguwar yanka a bayan hannun, daga gindin yatsu zuwa wuyan hannu, ta kumbura. Dogo ya juya nasa hannun ya ajiye kusa da shi. Yana da tsohon tabo a daidai wurin.

“Tulun gilashi ne, yallaɓai. In ya ja ka, hannu da kansa yake fizgowa, ya goge a kaifin firam. Ƙarfen dalma ba ya yanka.”

Sufeto ya jawo kujera ya zauna. “Bari in gaya maka yadda aka yi, in na yi kuskure ka gyara min. Ka ga Dogo ya fita, ka ga yarinya ta fita, ka ɗauka ba kowa. Injin ya yi girman da ba za ka fita da shi da rana tsaka ba, sai ka ce bari ka zare bod ka sa a jaket. Ka kwance sukuru biyu, murfi ya ƙi. Ka koma ka ɗauko bulowa. Da ka karya ya buɗu, ka zura hannu, wutar da ta rage tun safe ta ja ka. Ihun da tela ta ji naka ne. Shi ya tashi tsoho daga barci. Daga nan fa?”

Ɗan Gayu ya zame ya zauna a ƙasa.

“Ya riƙe min riga. Yana cewa ɓarawo, ɓarawo, ni da nake gaishe shi kullum. Ture shi kawai na yi. Wallahi ture shi kawai na yi.”

“Sai ka soka waya a soket don a ce wuta ce, tunda ka ɗanɗana ta. Da ka ga ana tambayar wa ya bar ta a soket, sai ka miƙa 'yar mutane.”

Dogo ya ji hannayensa suna son wuyan mutumin. Ya cusa su cikin aljihu ya fita waje.

Da yamma aka fito da yarinyar. Ta zauna a bencin ofishin tana sa takalmi, yatsunta sun kasa ɗaure igiyar. Dogo ya durƙusa ya ɗaure mata, kamar lokacin da take firamare. Fuskarta ta faɗa, cizon sauro duk ya cika mata hannu.

“Ɗan Gayu ne?” ta ce. “Shi da ya canza min gilashin waya kyauta?”

“Shi ne, Mamana. Tashi mu tafi, mamanki tana ƙofar gida tun safe.”

Ta miƙe, suka fito bakin titi. Sai ta tsaya.

“Abba, mu fara biyawa asibiti. Ina so in ga Baba tsoho kafin a kai shi.”

Dogo ya kau da kai. Ya kalli motocin da ke wucewa, ya kalli ƙasa.

“An kai shi da safe,” ya ce.

Ba ta yi kuka a ofis ba, ba ta yi a bayan kanta ba. A nan bakin titi ta durƙushe. Dogo ya tsaya ya tare ta da jikinsa, don kada masu wucewa su gani.