Gida Mai Pampo

Sakina na tankaɗe a ƙofar ɗaki, sai ga mai gidan hayarsu, Alhaji Dodo, ko sallamar kirki babu. Ya tsaya yana nuna mutane da baki ɗaya-ɗaya kamar mai sayen awaki.

Shekarar fari ce, ruwa ya yi wuya a Damagaram, hayar gida mai pampo a unguwar ma'aikata kuwa sai wane da wane. Hajjo, uwar Sakina, ita ta kafe sai a can ɗiyarta za ta tare, don haka rabin albashin mijinta, Mushe Alkasum malamin makaranta, can yake tafiya. Ana cikin haka yunwa ta koro tsohuwarsa, Tani, daga Droum da jikoki uku.

"Mutum biyu na ba haya," in ji Alhaji. "Duk bakin da ya ƙaru, jika biyu a wata. Pampona ba rijiyar gari ba ce!"

Alkasum ya sunkuyar da kai, bawan Allah, don ba shi da su. Kafin la'asar Hajjo ta iso a fusace.

"Ka mai da su ƙauye, ko in tafi da ɗiyata! Ban haife ta don layin ruwa ba."

"Inna, wane ƙauye? Ko dusa babu—"

"Kai ta shafa!"

Sakina ta rasa inda za ta sa kanta, ga uwa, ga mijin da take so kamar ranta. Washegari ta zaga bayan ɗaki, ta tarar da Tani durƙushe tana taimama da ƙasa, ga pampo na ɗiga kusa da ita.

"Iya! Mene ne haka?"

"Yi shiru, 'yar nan. In ban taɓa ruwansa ba, wataƙila ba zai ƙirga ni ba."

Sakina ta fashe da kuka. Ranar ta je ta durƙusa gaban Hajjo.

"Inna, ki yafe mini, amma ba zan iya shan ruwan gidan nan ba kuma."

Hajjo ta juya mata baya.

Suka koma ɗakin ƙasa a gefen gari. Kullum Sakina na layin ruwa da bido, wato jarka, har wuyanta ya yi tsami, Alkasum na tarbo ta a hanya in an tashi lakwal, makarantar da yake koyarwa. Sai da damina ta faɗi Hajjo ta sauko, ta zo da ƙullin gero, ta zauna tabarma ɗaya da Tani. Haƙuri ya yi rana. Gidan da tsohuwa za ta ji tsoron alwala a cikinsa, ko kyauta ne ya yi tsada.