Sannu da Aiki

Daf da magariba na sauka karɓo abincin da Anti Rabi, matar abokin maigidana, ta ajiye mini wajen mai gadi. Kwana na tara ke nan ni kaɗai a gidanmu na kusa da titin Jalan Semarak a ƙasar 'yan Malay, tun da korona ta kama maigidan nawa, Yaya Alkasim, aka killace shi. Ni tawa ta zo da sauƙi, sai dai hancina ya daina jin komai, jikina ya mutu.

Ina lif ya kira ni.

"Ruƙayya, kin yi makan? Kin ci abinci dai ko? Ya gida?"

"Tas yake, Yaya."

Ƙarya nake. Rabona da wanke banɗaki tun kafin ya tafi. Gansakuka ta bi tayil, dauɗar sabulu ta yi baƙi a gindin bokiti. Ni kaina kwana biyar ban yi wanka ba, alwala kawai nake a sinkin kicin. Wuni nake a kwance ina buga wani gem a wayarsa ta biyu.

A gem ɗin masauki ake ba ka ka kula da shi. In ka bar wurin wanka da datti sai wata halitta ja ta fito, Shitamaru. Yaya ya taɓa gaya mini ba masu gem suka ƙago shi ba. Tun zamanin da can Japanawa ke da labarinsa, akaname suke ce masa, mai lasar dauɗa. Ba ya cizo, ba ya kisa, gidan ƙazamai kawai yake zuwa. Ranar har dariya muka yi.

Na buɗe ƙofa, ana kiran salla a masallacin unguwa. Sai na ji wari.

Kwana da kwanaki ban ji warin komai ba. Wannan kuwa ya doke ni har maƙogwaro, kamar tsumman da ya kwana a kwata, haɗe da ƙarnin yawu.

Can na ji sauti daga banɗaki. Lap. Lap. Kamar kyanwa na shan ruwa, amma a hankali, da jan tsawo.

Na ajiye leda. Na ce ko famfo ne. Na tura ƙofar na shiga ko addu'a ban yi ba.

Yana durƙushe a gefen bokiti, ya ba ni baya. Fatarsa ja, jiƙaƙƙiya. Kowace ƙafa farce ɗaya, yana ƙwaƙwular tayil. Harshensa ya kai tsawon ɗankwalina. Duk inda ya bi sai wurin ya fito fari fat.

Na so in yi a'uziyya, na tuna ba a ambaton sunan Allah a cikin banɗaki. Na buɗe baki. Abin da aka raine ni a kai shi ya fito, don a gidanmu ba a wuce mai aiki a yi shiru.

"Sannu da aiki."

Harshen ya tsaya.

Ya juyo. Idonsa ba fushi. Irin kallon da uwar miji ke yi in ta leƙa tukunyarki.

"Yawwa, amarya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Da saura."

Ba bango yake kallo ba. Wuyana yake kallo.

Wani abu mai ɗumi ya naɗe mini idon sawu. Ya fara hawa, yana kankara.

Na fizge. Na bugi ƙofa.

Ban san sanda na kai baranda ba, ba hijabi, ba takunkumi. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Malay, ta leƙo ta bayan ƙarfen ƙofarta tana tambaya ko ɓarawo ne. Na girgiza kai. In ce mata me? Ƙazantata ce ta yi baƙo?

A nan na zauna har ƙarar ta ɗauke.

Da Yaya ya dawo, banɗaki ya fara shiga. Ya fito yana murmushi.

"Kai, Ruƙayya! Ko hotal ɗin Bukit Bintang albarka. Kina ciwo kika yi wannan aikin?"

Har waya ya yi wa Hajiyarsa a Kano, ya ce Allah ya ba shi mace mai tsafta. Ta sa mini albarka, na ce amin.

Yanzu sau biyu nake wanke banɗakin a rana, amma ban taɓa samun abin wankewa ba. Kullum an riga ni. Jiya na tsaya a bakin ƙofa ina kallon Yaya yana ɗiban ruwan alwala a bokitin nan, yana kurkure baki. Na buɗe baki zan gaya masa.

"Mene ne?" ya ce.

Na miƙa masa tawul.