Ɗakin Jinya Mai Sunan Kanari

Rana ta take, ƙarfen dandamali ya yi zafin da ke ratsa takalmi, amma Siririya tana tsaye inda aka ajiye ta, rungume da hoton ɗan takara, leɓunanta sun bushe sun tsage. Marainiya ce mai ciwon sikila, ciwon da ya ɗauke mahaifinta. Gwaggonta ita ce Kanari, mawaƙiyar da tun ranar da aka binne ɗan'uwanta ta rantse ba za ta huta ba sai an daina wulaƙanta masu wannan lalura. Kuma ta yi ƙoƙari, babu gidan rediyon da ba ta shiga ba. Da zaɓe ya ƙarato, ɗan takara ya buɗe ɗakin jinya da sunanta, ita kuma ta shiga yi masa kamfe. Baffa, yayan Kanari mai juya harkokinta, shi ya ce waƙa kaɗai ba ta sa mutane kuka, a riƙa hawa dandamali da yarinyar. Allah sarki, yarinyar da ko tsawa aka yi mata sai ta ba da haƙuri!

Kanari na shirin karɓar makirufo Siririya ta kamo gefen mayafinta. "Gwaggo... ƙasusuwana, kamar ana sara su. Don Allah a sauke ni."

"Ƙarya take!" Baffa ya yi caraf. "Lalaci ne kawai. So take ta kunyata mu gaban jama'a, bayan duk abin da muka yi mata."

Kanari ta dubi taron da ke kiran sunanta, ta fizge mayafinta. "Haba, Siririya! Ki daina min ƙarya, yau ɗaya ki daure mana."

Kanari ta fara waƙa. Yarinyar ta daure har baiti na biyu, sannan ta sulale ƙasa kamar tsumma, hoton ya faɗo a kanta.

A hanyar asibiti cunkoso ya tsare su a bayan motar kamfe, lasifika na ta maimaita tallan da Kanari ta ɗauka da bakinta: "Kada ka taɓa ce wa mai sikila ƙarya yake. Ciwonsa ba ya jini, ba ya kumburi, amma yana kisa..." Wayyo! Kanari ta toshe kunnuwa, muryar ta ƙi barinta. Ta ƙanƙame yarinyar tana kuka, tana cewa, "Ya Allah, kada ka karɓe ta da wannan maganar tawa a kunnenta!"

Suka isa ɗakin mai sunanta, ta tura ƙofa, sai ta tsaya cak. Fenti sabo, allon suna na sheƙi, amma ko gado ɗaya babu! Wata nas ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, ai gadajen haya aka ɗauko su. Ranar da aka buɗe, kuna fita yayanki ya zo da mota ya kwashe." A kan benci aka shimfiɗe Siririya, aka sauke hoton ɗan takara daga bango, aka rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar.

Nas ta duba idonta ta ce jikin nan ya bushe ƙarau, yaushe rabonta da ruwa? Siririya ta buɗe ido da ƙyar, ta dubi gwaggonta. "Baffa ya ce kar in sha in za a hau... wai in leɓena ya bushe an fi tausayi. Ya ce in na faɗa miki za a rufe ɗakin nan, sauran yaran su rasa gado."

Kanari ta durƙushe. Ita da ke gaya wa duniya ruwa shi ne ran mai sikila, ba ta taɓa lura cewa 'yar ɗan'uwanta na tsayuwa a bayanta da ƙishirwa ba!

Ba ta ko share fuska ba ta koma dandamali, taro bai watse ba. Ta faɗi komai, ta fara da laifin kanta kafin na kowa. Baffa ya nemi sulalewa ta baya, matan da ke ɗauke da 'ya'yansu masu sikila suka tare shi har 'yan sanda suka iso. Ɗan takara ya rantse bai san komai ba, amma ranar zaɓe mutane suka nuna masa su sun sani. Kafin nan kuwa masu walda da kafintoci sun cika ɗakin da gadaje, ba wanda ya karɓi ko sisi.

A kan gadon farko Siririya ta farfaɗo sosai. Ta ga gwaggonta zaune ido jawur, riƙe da kofi. Ta daɗe tana kallon kofin, sannan ta waiga ƙofa, ta rage murya.

"Gwaggo... yau an yarda in sha?"

Kanari ta matso kusa. Ta tallafo kan yarinyar ta kai kofin bakinta, har ruwan na zuba a wuyanta.